Yarona yana magana sarai amma likita ta ce otism ne

Assalamu alaikum Hajiya, barka da aiki. Ina sauraren shirinki daga nan Maradi, unguwar Zariya, don Allah kar a faɗi sunana.

Maganar ɗana ce, shekarar shi 8 yana CE1, wato aji uku na firamare. Baki kam akwai shi, lambobin motocin da ke zuwa Jibiya duk ya hardace su, amma ba ya kallon mutum cikin ido, ba ya wasa da sa'o'in shi, in maƙwabta suka tada injin niƙa sai ya toshe kunne ya yi ta ihu, in kuwa na canza mai hanyar lakwal to ranar ba zaman lafiya. Uwar mijina ta ce iska ne, an yi ruƙiyya, rubutu ya sha har na daina ƙirga.

Likitan da muka fara gani cewa ya yi tunda yana magana ba otism ba ne, mu bar shi zai daina. Bai daina ba. Bana yayata ta kai mu wajen wata likitar yara a Yamai, ta zauna da mu kusan awa biyu, ta ce otism ne mataki na 1. Ta ce da can irin shi Asperger ake ce musu, amma a 2013 likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka suka sake littafin da suke aunawa da shi, DSM-5, suka haɗe sunayen wuri ɗaya da mataki uku gwargwadon taimakon da yaro ke buƙata, kuma jinkirin magana yanzu ba sharaɗi ba ne, abu biyu ake dubawa, mu'amala da mutane sai maimaita abu ɗaya da rashin jure ƙara. OMS, hukumar lafiya ta duniya, ma ta bi sahu a 2022. Wallahi Hajiya kamar a gidanmu take kwana, har kuka na yi.

To maigida ya ƙi yarda, wai masu canza magana yau da gobe ba abin bi ba ne, kuma sunan zai bi yaron har ya shafi auren ƙannen shi mata. Ya hana ni in kai takardar likitar lakwal ɗinsu, ga shi mushe, malaminsu, na dukan shi wai taurin kai ne.

Yaya zan yi Hajiya? In kai takardar a ɓoye ko in samu babban wan shi ya yi mai magana? Ina tsoron kar abin ya taɓa aurena.

Taki, Maman yara