A sauko da darasin sana'a daga kan allo zuwa hannun ɗalibai

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in yi magana a kan darussan sana'a da fasaha da ake koyarwa a makarantun sakandare, musamman a nan birnin Kano inda na yi aikin koyarwa har na yi ritaya. Damuwata ita ce, an daɗe da sanya waɗannan darussa a cikin manhajar karatu, ana kuma rubuta jarrabawarsu duk shekara, amma ɗalibai da yawa suna gama sakandare hannunsu bai taɓa riƙe kayan aikin sana'ar da takardar sakamakonsu ta ce sun ci ba.

Wannan matsala ta girmi ɗaliban da ke aji yanzu. Tun a manufar ilimi ta ƙasa ta 1977, wadda ta haifar da tsarin 6-3-3-4 (shekara shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare, uku a babbar sakandare, huɗu a jami'a) da aka fara aiki da shi a farkon shekarun 1980, an tsara cewa yaron da ya gama ƙaramar sakandare ya kamata ya fito da ɗan abin yi a hannunsa, ko da bai ci gaba da karatu ba. Saboda haka aka shigo da darasin share fagen fasaha, gwamnati kuma ta sayo injinan aikin katako da na ƙarfe daga ƙasashen waje ta rarraba wa makarantu. Malaman da suka yi aiki a wancan zamani sun san ƙarshen labarin: a wurare da yawa injinan sun tsufa a cikin akwatunan da aka kawo su, domin ba a gina ɗakin da za a kafa su ba, ba a ja wuta ba, ba a kuma horar da wanda zai kunna su ba. A 2011 aka sake sabon lale, hukumar tsara manhajar karatu ta ƙasa, wato NERDC, ta fito da manhajar babbar sakandare mai ɗauke da sana'o'i 34, aka wajabta wa kowane ɗalibi ya ɗauki guda. A cikinsu akwai kafinta da walda da gyaran mota da wayarin da rini da aikin fata da gyaran wayar hannu. Da jarrabawar WAEC da NECO ta matso, sai shugabannin makarantu da dama suka zaɓa wa ɗalibansu waɗanda alli da allo kaɗai suke buƙata, irin su dabarun kasuwanci, ko kiwon dabbobi a makarantar da ko akurkin kaji babu. Ban ga laifinsu sosai ba, don shugaban da ba a ba shi zarto ko guda ba, ba zai yi gangancin rubuta wa yara jarrabawar kafinta ba. A 2025 kuma gwamnatin tarayya ta sanar da rage sana'o'in zuwa shida: haɗa wutar sola da gyaranta, ɗinki, kiwo, kwalliya, gyaran kwamfuta da waya, sai noman lambu da amfanin gona. Ragewar ta yi ma'ana, amma idan aka bi ta hanyar da aka bi da na baya, sakamakon ba zai canza ba.

Na taɓa zama a bayan wani aji ana darasin gyaran waya. Malamin, wanda asalinsa lissafi ya karanta aka ɗora masa wannan darasi don babu wani, ya zana hoton waya a allo, ya ja kibiyoyi yana rubuta sunan kowane sashe, yara fiye da yadda bencina za su ɗauka suna kwafa a littafi, wasu a zaune a ƙasa. Ya yi iya ƙoƙarinsa, kuma yaran sun haddace. Sai dai babu ko matacciyar waya ɗaya a ajin da za a buɗe a gani, balle sukundireba ko mita ko ƙarfen narka dalma. Wanda ya shiga kasuwar waya ta Farm Centre ko titin Beirut zai tarar da sa'annin waɗannan yara, wasu ma ba su kai su ba, sun sunkuya a kan ɗan teburi, sun cire gilashin waya ba tare da ya fashe ba, sun ɗora mita a kan injin suna neman inda wuta ta tsaya, sun canza bakin caji mai wayar yana tsaye yana jira. Gani ya kori ji, kuma duk uban da ya ga waɗannan wurare biyu ya san inda ɗansa zai iya koyon gyaran waya.

Amma kada a ɗauka ina cewa a bar makaranta a koma shago. Akwai abin da makaranta take da shi wanda shago da gareji ba kasafai suke bayarwa ba, kuma a nan nake son masu tsara ilimi su tsaya su yi nazari. Mu ɗauki aikin sola, wanda ya zama ruwan dare a unguwannin Kano saboda halin da wutar lantarki take ciki. Magidanci yana da ƙwan fitila 5 masu cin wat 10 kowanne, yana son su yi awa 6 a kunne, wato wat-awa 300 ke nan a dare (wat sau awa). Yana da fanka mai cin wat 60 da za ta yi awa 8, wato 480. Jimla 780. Batir mai bolt 12 da amfiya-awa 100 yana ɗauke da wat-awa 1,200 a lissafi, amma idan batirin ruwa ne irin na dalma, ba a son a riƙa zuƙe fiye da rabinsa, in ba haka ba zai mutu da wuri, don haka abin da za a dogara da shi 600 ne kawai. Yaron da ya iya wannan ɗan lissafi zai gaya wa maigidan gaskiya tun kafin a sayi kaya, cewa batir ɗaya ba zai kai shi asuba ba. Wanda kuwa ya koyi aikin da ido kawai zai haɗa yadda ya ga ogansa yana haɗawa, bayan 'yan watanni batir ya lalace, a yi ta rigima ana zargin mai shago da sayar da jabu. Haka batun kaurin wayar wuta yake: siririyar waya a inda wuta mai yawa take bi tana ɗaukar zafi har ta narke, kuma gobara a gida ko a kasuwa tana iya tashi daga nan. Lissafi da awo da karanta zane da sanin dalilin abu, su ne rabon makaranta. Saurin hannu da sanin halin kaya da iya magana da mai kawo aiki, su ne rabon shago. Yaranmu suna buƙatar duka biyun, mu kuma mun raba su, mun ba wasu rabi, wasu rabi.

Kano ba baƙuwa ba ce a harkar sana'a, kuma ba ta rasa gwanayen da za su koyar ba. Akwai marina a Ƙofar Mata, da masu ɗinka takalma da jaka a Ƙofar Wambai, da maƙera da masu kayan ƙarfe a Ƙofar Ruwa, da kafintoci a kewayen 'Yan Katako ta Na'ibawa, da teloli a kowane lungu, ga masana'antu a Sharaɗa da Challawa da Bompai. Haka kuma jihar ta taɓa nuna cewa idan ta sa abu a gaba tana iya cim masa. A 1977 aka buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Tofa da Dawakin Kudu, aka tattara malamai da kayan gwaji a wuri ɗaya maimakon a warwatsa su ko'ina, kuma likitoci da injiniyoyin da suka fito daga can sun cika asibitoci da ma'aikatun ƙasar nan. Wannan dabarar ta tattara ƙarfi a wuri ɗaya ita nake ganin ta dace da darasin sana'a.

Ba zai yiwu a gina wa kowace sakandare ɗakin koyon sana'a mai cikakken kaya ba, kuma duk wanda ya yi wannan alkawari ya san ba zai cika ba. Abin da zai yiwu shi ne a duba makarantun da ke kusa da juna a cikin birni, a Dala da Gwale da Fagge da Tarauni da Nasarawa da sauransu, a zaɓi guda a tsakiyarsu a gina mata ɗaki mai kyau, a sa masa sola don kada aiki ya tsaya jiran wuta, sauran makarantun su riƙa kawo ɗalibansu bisa jadawali, kowace da ranarta. A ware kuɗin kayan da ke ƙarewa, kamar dalma da waya da yadi da zare da allura, a cikin kasafin kowane zango, domin sau da yawa ana sayen keken ɗinki a yi bikin buɗewa, sannan a manta cewa keke ba ya ɗinki sai da yadi. Kwalejojin fasaha na gwamnati da muke da su, waɗanda ɗalibansu ke rubuta jarrabawar NABTEB ta makarantun fasaha, su ma suna iya buɗe ɗakunan aikinsu ga makarantun da ke maƙwabtaka da su da yamma ko ranar Asabar.

Batun malamai ya fi na gini wuya. Kwalejin Ilimi ta Tarayya mai koyar da fasaha da ke Bichi tana yaye malaman da aka horar domin wannan aiki, kuma ya kamata a ɗauke su a tura su inda za su koyar da abin da suka karanta. Bayan su, ina ba da shawarar a zauna da ƙungiyoyin masu sana'a, a tantance gwanaye masu mutunci, a ba su ɗan horo kan yadda ake tafiyar da aji, a riƙa biyansu alawus suna zuwa makaranta su yi aiki kafaɗa da kafaɗa da malamin aji. Bakaniken da ya yi shekaru yana kwance injin Adaidaita Sahu yana ɗaurawa bai kamata a hana shi koyarwa don ba shi da takardar digiri ba. A lokacin dogon hutu kuma a tura ɗaliban aji biyar shagunan waɗannan gwanaye na 'yan makonni, da yardar iyaye a rubuce, da littafin da za a riƙa cike abin da yaro ya koya kowane mako, malami kuma yana zagayawa. Wannan sa ido wajibi ne, don kowa ya san yadda sabon yaron shago yake ƙarewa a aiken sayo abinci da share gaban shago, wani lokaci har da duka, kuma ba don haka iyaye za su ba da 'ya'yansu ba.

'Yan mata kuwa kada a tsare su a ɗinki da kwalliya kaɗai. Su ma sana'o'i ne masu albarka, amma yarinyar da ta iya gyaran waya ko duba batir da inbata tana da kasuwar da namiji ba zai shiga ba, domin akwai gidaje da yawa a birnin nan da ba a barin baƙon namiji ya wuce zaure idan maigida ba ya nan, akwai kuma matan da ba sa son miƙa wa namiji wayarsu da hotunan iyalinsu a ciki. Idan za a tura su koyon aiki a waje, a nema musu mata masu sana'a, ko a kawo masu koyarwar cikin makaranta.

Mu iyaye ma muna da namu gyaran. Har yanzu a gidaje da yawa ana kallon makarantar fasaha a matsayin wurin da ake kai yaron da bai da ƙoƙari, alhali mai digiri yana zaune a gida shekara da shekaru yana jiran takardar ɗaukar aiki, ƙaninsa mai walda ne yake cefane. Koyon sana'a a sakandare ba ya hana yaro shiga jami'a, hasali ma wanda ya taɓa haɗa wayar wuta da hannunsa ya fi saurin fahimtar darasin lantarki idan ya je Jami'ar Bayero ko ta Wudil.

A watan Yunin 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a jihar nan, kuma ina ganin wannan fanni ya cancanci kaso bayyananne a cikin abin da ake kashewa. Roƙona ga Ma'aikatar Ilimi da Hukumar Makarantun Kimiyya da Fasaha shi ne su fitar da jerin makarantun sakandare na cikin birni, a nuna sana'ar da kowace take koyarwa, da ko tana da ɗakin aiki da malamin da ya iya sana'ar, domin iyaye su sani kafin su kai 'ya'yansu. Sannan a jarrabawar ƙarshen kowane zango a daina ba da maki a kan rubutu kaɗai: wanda ya ɗauki ɗinki ya yanka riga ya ɗinka a gaban mai jarrabawa, wanda ya ɗauki sola ya haɗa faranti da batir ya kunna fitila, a rubuta makin wannan aiki daban a katin sakamakon da zai kai gida.

Na gode da wannan dama da ka ba ni.

Naka,
Wani malamin sakandare mai ritaya,
Gwammaja, Kano.