Wasiƙa zuwa ga ɗana kan abin da ake kira Colorado

Ɗana,

Bayan gaisuwa, ya karatu? Wata magana da ka yi lokacin hutu ce ta hana ni sakat. Ka ce abin da yaron ɗakinku yake zuƙa, Colorado, ai ganye ne kawai. Na yi shiru ne don ƙannenka na wurin.

Ganyen nan ɗan dako ne. Abin da ke bugarwa sinadari ne da ake narkarwa a fesa a kansa. Cikin na farko-farko akwai JWH-018, wanda ya ci sunan John W. Huffman, masanin haɗa sinadarai a Jami'ar Clemson ta Amurka. Don bincike a ɗakin gwaji aka haɗa shi, ba don huhun ɗan Adam ba. A 2008 aka gano shi a Jamus cikin wani haɗin ganye mai suna Spice, da ake sayarwa a matsayin turaren wuta. Tun daga nan, da hukuma ta hana ɗaya sai masu haɗawa su ɗan sauya masa kama su fito da ƙaninsa.

A ƙwaƙwalwa akwai wani makunni da ake kira CB1. Sinadarin THC na tabar wiwi rabi yake murɗa shi, kamar famfon da aka bari yana tsiyaya (kada ka ce Baba ya wanke wiwi). Waɗannan kuwa har ƙarshe suke murɗewa. Shi ya sa za ka ga zuciya na dukan uku-uku, ga amai, ga jijjiga irin ta farfaɗiya, wani ƙodarsa ta taɓu, wani hankalinsa ya gushe. A Yulin 2016, mutum 33 irin wannan sinadarin ya gigita rana ɗaya a Brooklyn ta birnin New York.

Ka tuna feshin waken da muke yi a gona? Wani ganye ya jiƙe sharkaf, na kusa da shi ko ɗigo bai samu ba. Haka ƙullin nan yake. Na jiya ya sa mutum dariya, na yau ya sheme shi, alhali daga leda ɗaya suka fito. Dilan kansa bai san me ya sayar ba.

Ko zuƙa ɗaya ban yarda ka yi ba, ko da sunan ɗanɗani. In kuma abokin naka ya faɗi a gabanka, ku kwantar da shi ta gefe, kada a ɗura masa madara ko ruwa ya shaƙe. Ku yi asibiti da shi, ka riƙo ledar, ka faɗa wa likita gaskiya. Daga baya ka kira ni.

Mamarka na gaishe ka, ta ce ƙuli-ƙulin yana hanya.

Mahaifinka