Kafin a yi wa laftof fomatin saboda ta daina kama Wi-Fi

Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarka mai farin jini domin in ja hankalin masu karatu kan wata asara da ake tafkawa ba gaira ba dalili. Laftof ta daina kama Wi-Fi a gida, sai a kwashe ta a kai shagon gyara, a ce sai an yi mata fomatin. Hotuna da takardu su salwanta, a biya kuɗi, a dawo gida a tarar da matsalar tana nan daram. Galibi ba Windows ce ta lalace ba, kuma binciken minti goma ya isa a gano mai laifin.

Abin farko, a ɗauki wayar hannu, a kashe datarta, a haɗa ta da Wi-Fi ɗin gidan. In ita ma ba ta buɗe komai ba, to a ƙyale laftof, laifin na rauta ne, wato na'urar da ke watsa Wi-Fi, ko na layi. A duba ko data ta ƙare. A cire rautar daga wuta na daƙiƙa 30, a mayar, a ba ta minti biyu ta gama tashi. Yawan ɗauke wuta da kawo ta kan rikita ta. Amma kada a tsokani ɗan ramin nan na reset da allura, domin yana goge sunan Wi-Fi da kalmar sirri da duk saitin da aka yi.

In waya ta yi aiki, sai a koma kan laftof. A danna Restart, ba Shut down ba. Windows 10 da 11 suna da wani tsari, Fast Startup, wanda ke adana halin da direbobi, wato ƙananan manhajojin da ke sarrafa sassan kwamfuta, ke ciki idan an kashe, ya dawo da su yadda suke idan an kunna, har da matsalarsu. Restart ne ke tayar da komai daga tushe.

Daga nan a lura da abin da allo ke nunawa, don cutar kala uku ce. Ta ɗaya, alamar Wi-Fi ta ɓace gaba ɗaya. A duba ko an taɓa Airplane mode, ko maɓallin Fn haɗe da wanda ke da hoton eriya ko jirgi. Tsofaffin laftof ma suna da ɗan makunni a gefe da yara kan ture. In ba nan ba ne, a buɗe Device Manager, a shiga Network adapters, a nemi layin da ke da kalmar Wireless ko 802.11. Kibiya mai kallon ƙasa na nufin an kashe katin Wi-Fi na cikin laftof ɗin ne, sai a zaɓi Enable. Alamar motsin rai mai ruwan ɗorawa kuwa direba ne ya samu matsala: a yi Uninstall device ba tare da goge direban ba, a yi Restart, Windows za ta mayar da shi da kanta. In sai an sauko da sabo, a jona waya da kebul a kunna USB tethering, a ɗauko shi daga shafin kamfanin laftof ɗin, HP ne ko Dell ko Lenovo, ba daga manhajojin da ke alkawarin sabunta direbobi duka ba.

Ta biyu ta fi ɗaure kai: laftof tana ganin Wi-Fi na maƙwabta amma ba ta ganin na gida. Rautoci na yanzu suna watsawa a zango biyu, 2.4 GHz da 5 GHz, tsohon kati kuwa na farkon kaɗai yake ji. In an bar 5 GHz shi kaɗai a kunne, ba za ta taɓa ganinsa ba. Akwai kuma abin da ya shafi laftof na hannu da ake shigo da su daga Amurka: da yawa katinsu tasha 1 zuwa 11 kawai yake saurara. Rautar da aka bari ta zaɓi tasha da kanta tana iya komawa 12 ko 13 bayan an dawo da wuta, shi ya sa za a ji mutum na rantsuwa cewa jiya lafiya lau take aiki. Maganin shi ne a shiga shafin rautar ta waya, da adireshin da ke rubuce a jikinta, yawanci 192.168.0.1 ko 192.168.1.1, na Huawei kuma 192.168.8.1, a tsayar da tashar a kan 1 ko 6 ko 11. Idan laftof tana gani amma ta ƙi shiga, a duba tsaro: tsofaffin katuna ba su san WPA3 ba, a mayar WPA2. In an canza kalmar sirri kwanan nan, a danna Forget a sake shigarwa. Ƙananan MiFi kuma suna da iyakar na'urorin da suke ɗauka, gida mai yara da baƙi kan cika su ba a sani ba.

Ta uku, ta haɗu amma babu intanet. A buɗe Command Prompt a rubuta ipconfig. Adireshin da ya fara da 169.254 shaida ce cewa rauta ba ta ba laftof lamba ba, ita ta ƙirƙiro wa kanta. A rubuta ipconfig /release, sannan ipconfig /renew. In adireshin ya fara da 192.168, a gwada ping 8.8.8.8. Amsa ta dawo amma shafuka sun ƙi buɗewa, to matsalar DNS ce, wato tsarin da ke mayar da sunan shafi zuwa lambarsa: a yi ipconfig /flushdns, a kashe VPN in akwai. A kalli agogon laftof ɗin ma. Ɗan batirin da ke riƙe lokaci in ya mutu kwanan wata kan koma baya da shekaru, burauza ta riƙa ƙin shafuka tana kukan tsaro. Network reset da ke cikin Settings shi ne na ƙarshe. Yana mantar da ita duk kalmomin sirrin Wi-Fi, amma ba ya taɓa fayil ko ɗaya.

Mai yankewa tana dawowa, musamman a kan batir, a shiga Properties na katin a Device Manager, ƙarƙashin Power Management, a cire alamar da ta ba kwamfuta izinin kashe shi don tattalin wuta.

Shagon gyara yana da ranarsa. Idan sai an manna laftof da rauta take kamawa, musamman bayan an canza mata allo, to siraran wayoyin eriya biyu da ke bi ta mahaɗar murfi ne suka cire ko suka tsinke. Idan kuma katin bai fito a Device Manager ba sam, mai yiwuwa ya mutu ko ya motsa daga gurbinsa. Ko a nan ma fomatin ba ya magani. Ko a canza katin, ko a sayi ɗan adaftan Wi-Fi na USB a soka, aiki ya ci gaba.

Na gode, Allah ya ƙara wa jaridar ɗaukaka.

Daga wani mai gyaran kwamfuta, Kano