Amsa Ga Baba Ma'aji: Kuɗin Namu Ne, Ikkilisiyar Ba Tamu Ba Ce

Baba Ma'aji,

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. A taron ikkilisiya na ƙarshen shekara ka miƙe a gaban jama'a ka tambaye ni: tunda mu ne muke biyan albashin mai bishara da hayar ɗakin sujada na sabuwar ikkilisiyar da muka dasa, me ya hana mu naɗa mata dattawa, mu kuma riƙe mata asusu? Lokaci ya ƙure a ranar, na yi alkawarin amsawa a rubuce. Da yake a bainar jama'a ka yi tambayar, a nan ma zan amsa.

Na san inda tambayar ta fito. Kai kake ƙirga baiko kowace Lahadi, ka san hannuwan da suke sakawa, har da na gwauraye waɗanda abin da suka saka shi ne ƙarshen abin da ke hannunsu. Mutumin da ya san haka ba zai yarda a yi wasa da kuɗin ba, kuma a nan ina bayanka ɗari bisa ɗari. Manzo Bulus kansa, lokacin da yake tara gudunmawa domin matalautan Urushalima, bai ɗauki kuɗin shi kaɗai ba. A 2 Korantiyawa sura 8 ya ce ikkilisiyoyi sun zaɓi wani ɗan'uwa ya raka kyautar, don kada kowa ya sami abin zargi. Saboda haka mu nemi rahoto a rubuce duk wata uku, mu ga takardar shaidar kowane abin da aka saya. Wannan haƙƙinmu ne. Amma neman lissafi daban, riƙe ragamar mutane daban.

Dubi Antakiya. Ayyukan Manzanni sura 13 ta ambaci annabawa da masu koyarwa biyar a ikkilisiyar, aka keɓe biyu, Barnaba da Shawulu (wato Bulus), aka ɗora musu hannu aka sallame su. Ikkilisiyar ta ba da mafi tsadar abin da take da shi, wato mutanenta. Da suka kafa ikkilisiyoyi a Listira da Ikoniya, a kowace ikkilisiya suka naɗa dattawa, suka yi addu'a da azumi, suka danƙa su ga Ubangiji. Sannan suka koma Antakiya suka ba da labarin abin da Allah ya yi. Rahoto ya koma gida, iko ya tsaya a inda masu bi suke. Filibiyawa ma sun aika wa Bulus taimako ba sau ɗaya ba tun yana Tasalonika, amma babu inda muka karanta cewa sun nemi su zaɓa wa Tasalonikawa shugabanni.

Baba, abin da ya fi ƙarfafa ni a kan wannan ba karatu ba ne, kuskurena ne. Shekarun baya, a wata ikkilisiya da na yi hidima, mun dasa ƙaramar ikkilisiya kuma muka yi daidai yadda kake so. Mu muka saya musu kujeru, muka rubuta sunan ikkilisiyarmu da fenti a bayan kowace kujera. Mabuɗin ɗakin sujada yana hannun wakilinmu. Baikonsu kuwa a ambulan ake kawo mana ranar Litinin. Wata rana matan wurin suka roƙi a matsar da sujada zuwa yamma, domin yawancinsu suna aiki da safe. Maganar ta kwana wata uku a teburin kwamitinmu. Kafin mu amsa, rabinsu sun daina zuwa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, mu kuwa muna nesa muna auna rufin da ba mu taɓa kwana a ƙarƙashinsa ba. Da kuɗinmu ya yi ƙasa muka janye, ba su yi shekara ba suka watse. Wani dattijo daga cikinsu ya zo ya tambaye ni yaushe za mu aiko a kwashe kujerunmu. Har yau kalmar nan, kujerunmu, tana sukata. Shekara huɗu yana zaune a kansu yana yabon Allah, bai taɓa jin nasa ba ne.

Masu aikin bishara sun daɗe da gane wannan. Henry Venn, wanda ya zama sakataren CMS, ƙungiyar mishan ta ikkilisiyar Anglican, a Ingila a 1841, da Rufus Anderson a Amurka, sun koyar da cewa ikkilisiyar da aka dasa dole ta kai ga mulkin kanta, ɗaukar nauyin kanta, da yaɗa bishara da kanta. Venn ne ya tsaya tsayin daka har aka naɗa Samuel Ajayi Crowther, Bayarabe mai aikin bishara a yankin kogin Neja, bishop a 1864. Bayan rasuwar Venn, wasu matasan 'yan mishan suka zo suka karɓe ragama, suka wulakanta aikin tsoho Crowther, ya rasu a 1891 da baƙin ciki, kuma raunin ya daɗe bai warke ba. A Koriya kuwa aka bi ɗaya hanyar. A 1890 'yan mishan na Presbyterian suka gayyaci John Nevius, wani ɗan mishan da ke aiki a ƙasar Sin, ya ba su shawara su bar masu bi su gina ɗakunan sujada gwargwadon ƙarfinsu, su biya nasu ma'aikata, a kuma dage da koyar da Littafi Mai Tsarki. Ikkilisiyar da ta tashi a kan wannan tushe yau tana cikin masu aika 'yan mishan mafi yawa a duniya.

Kada ka ɗauka ina cewa mu tsuke bakin aljihu. Akwai wuraren da masu bi ba za su iya ɗaukar nauyin fasto ba ko da bayan shekara goma, saboda talauci ko tsanani, kuma barin su da sunan koya musu dogaro da kai rashin tausayi ne. Ina cewa dai taimakonmu ya zama irin na uwa mai shayarwa, wadda tun ranar haihuwa ta san akwai ranar yaye. Kuma ka tuna, tarayya ba hanya ɗaya take bi ba. Daga Urushalima bishara ta isa Antakiya, amma da yunwa ta faɗa wa Yahudiya a zamanin Kalaudiyas, sarkin Roma, Antakiya ce ta aika da gudunmawa. Wa ya sani ko waɗannan 'yan kaɗan da muke tallafa wa yau su ne za su share mana hawaye gobe?

Ga abin da zan kawo gaban dattawa a zama mai zuwa. Mu zauna da 'yan'uwan mu rubuta yarjejeniya tare, ba mu rubuta mu kai musu su sa hannu ba. Baikonsu ya tsaya a wurinsu tun daga wannan watan, su zaɓi ma'ajinsu, kai kuma ka koya masa riƙe littafin kuɗi yadda ka iya, domin ban san wanda ya fi ka wannan ba. Kasonmu na albashin mai bishara ya riƙa raguwa kowace shekara bisa abin da muka amince tare, da damar sake dubawa idan wahala ta zo. Dattawa kuma su fito daga cikinsu, bisa sharuɗɗan da Bulus ya rubuta wa Timoti da Titus, mu dai mu je mu yi addu'a tare da su ranar naɗi. Ina kuma roƙon iyali biyu ko uku daga cikinmu su koma yin sujada a can na shekara guda, su zauna a baya, su taimaka da makarantar Lahadi da waƙa.

Zumunta a ƙafa take, Baba, kuma ka faɗa mini da bakinka cewa ba ka taɓa zuwa wurin ba. Lahadi ta biyu a cikin wata zan je. Akwai wuri a motata, kuma suna fara sujada da ƙarfe tara.

Ɗanka cikin Almasihu,
Faston ikkilisiyarku