Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga kamfanin da ya kawo mana antibodi babu sanyi

Ranka ya daɗe Manaja,

Bayan gaisuwa. Sau uku ina rubuto muku, ko uffan ba ku ce ba, shi ya sa na fito fili.

A ɗakin gwajinmu na Ngaundere, a ƙasar Kamaru, muna bincike kan sammore, cutar da ƙudan tsando ke sa wa shanun makiyayanmu. Ɓeraye muke sa wa ƙwayar cutar, sannan mu auna furotin ɗin da ake kira kemokin, wanda ke kiran fararen ƙwayoyin jini zuwa inda kumburi ya tashi. Wanda muka fi sa wa ido shi ne CXCL10, domin an nuna a ɓeraye cewa yana da hannu wajen shigar ƙwayar cutar cikin ƙwaƙwalwa. Antibodin da ke kama shi, wato furotin ɗin da ke manne masa don a iya auna shi, muka saya a wurinku, kuɗi a hannu.

Takardar jikin kwalbar ta ce a ajiye ta tsakanin digiri 2 zuwa 8. Ranar da kayan suka iso daga Duwala ni na buɗe kular da hannuna. Ƙanƙarar ta zama ruwa mai ɗumi, kwali ya jiƙe sharkaf, har rubutun kwalbar ya fara gogewa. Na kira wakilinku, ya ce in yi amfani da ita, ba komai.

Na ɗauki maganarsa, kuma nan ne abin ya fi ci mini rai. Ɗalibata ta zuba jinin ɓerayen da ta yi wata biyu tana kula da su a farantin ELISA mai rami 96, gwajin da sauyin launi ke nuna ko akwai CXCL10 a jinin. Ya kamata ramukan su yi shuɗi, su koma rawaya bayan an ɗiga asid. Muka zuba ido, shiru. Hatta ramin da muka sa CXCL10 tsantsa don ya zama ma'auni bai sauya launi ba. Jinin ɓera ɗan kaɗan ne, abin da aka zuba ya tafi ke nan.

Abin da ya biyo baya ya fi muni. Wakilin ya ce zai musanya mana da antibodin IL-8 na ɗan Adam, wai duk kemokin ne. Ranka ya daɗe, ɓera ba shi da IL-8 sam, wasu kemokin biyu, KC da MIP-2, ne ke masa wannan aiki. Mai sayar da irin wannan kaya bai kamata ya jahilci haka ba.

Ku aiko mana sabon antibodin CXCL10 na ɓera, da na'urar da ke rubuta yanayin sanyi cikin kular tun daga Duwala, ko ku maido mana kuɗinmu kafin ƙarshen wata. Yarinyar nan tana da digiri a gabanta, sai ta sake rainon ɓeraye daga farko.

Naku,
Wani malamin ɗakin gwaji, Ngaundere