Takardar Koke Zuwa ga Mai Girma Hakimi Game da Gyaran da Aka Yi wa Makarantar Firamaren Unguwarmu

Daga iyayen yara, dattawa da sauran mazauna unguwa,
Zuwa ga Mai Girma Hakimi, uban ƙasarmu,
Ta hannun Dagaci da Mai Unguwa.

Bismillahir Rahmanir Rahim. Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ranka ya daɗe, Allah ya ja zamaninka, ya ƙara maka lafiya da nasara, ya kuma ja zamanin Mai Martaba Sarki. Bayan gaisuwa irin ta 'ya'ya ga uba, mu talakawanka muna neman afuwa bisa shigo maka da wannan takarda alhali mun san yawan lamurran jama'a da ke gabanka. Da akwai wata ƙofa da ta rage mana wadda ba mu ƙwanƙwasa ba, da ba mu ɗora maka wannan nauyi ba.

Abin da ya tashe mu tsaye shi ne abin da ya faru ranar Talatar makon jiya da hantsi. Yaran aji uku suna zaune a ƙasa suna karatu, sai silin ɗin ajin ya ɓallo tare da katakon da ke riƙe da shi, ya faɗo a kansu. Wata yarinya ta samu rauni a ka har sai da aka yi mata ɗinki a asibitin sha-ka-tafi, wani yaro kuma ƙusa ta yage masa kafaɗa, sauran suka yi ta turereniya a bakin ƙofa cikin ƙura da kashin jemage suna kuka. Malamar ajin ce ta ɗauki yarinyar a hannunta, jini yana zuba a hijabinta, har bakin titi inda ta samu mai adaidaita-sahu. Allah ne kaɗai ya taƙaita. Ranka ya daɗe, wannan aji ba tsohon kango ba ne da aka manta da shi. Yana cikin ajujuwan da aka ce an gyara a wannan zango, warin sabon fentinsa ma bai gama fita ba.

Bayan an kwashe yaran, kafintocin unguwa, waɗanda su ma iyaye ne a makarantar, sun hau sun duba. Abin da suka gani shi ne an buga sabon silin a jikin tsohon katako wanda gara ta cinye cikinsa, har mutum yana iya murƙushe shi da yatsa. Kwanon da ke sama tsoho ne mai huji, ba a sauya ko falle ɗaya ba, don haka duk ruwan da aka yi yana taruwa ne a bayan silin ɗin yana ƙara masa nauyi. Duk wanda ya taɓa riƙe guduma ya san ana fara gyaran ɗaki daga rufi, sannan katako, sannan silin, fenti ya zo a ƙarshe. A nan an fara daga ƙarshe, an tsaya a can. Kuma hannun da ya buga silin ɗin aji uku shi ne ya buga na sauran ajujuwan da 'ya'yanmu suke zaune a ƙarƙashinsu a yau ɗin nan.

Allah ya taimake ka, ko da silin bai faɗo ba, da ma muna shirin kawo kuka a kan fentin kansa. Bangon da ke kallon titi an yi masa ado mai ɗaukar ido, an rubuta sunaye da manyan baƙaƙe, duk wanda ya wuce a mota zai ce an yi aiki. Amma cikin ajujuwa an shafe shi tun daga ƙasa har sama da fentin mai, ruwan ƙasa mai duhu, wai don kada datti ya nuna. Farin bango yana mayar da kusan kashi 80 cikin 100 na hasken da ya sauka a kansa, ya watsa shi cikin ɗaki, bango mai duhu kuwa shanye mafi yawansa yake yi. Wannan ba sabon ilimi ba ne a wurinmu, domin iyayenmu mata da ba su shiga aji ba sun san dalilin da ya sa ake shafe ɗaki da farar ƙasa kafin salla ko kafin a kai amarya. Makarantar nan ba ta da wutar lantarki, hasken rana shi ne fitilarta, kuma fentin nan ya cinye shi.

Sai aka ƙara da maganar tagogi. Waɗanda ƙyaurensu ya karye, maimakon a gyara su, sai aka buge su da kwano da ƙusa, wasu ma aka toshe su da bulo aka bar 'yan ƙananan hujoji a sama. Yanzu a wasu ajujuwan ƙofa ce kaɗai hanyar haske da iska. Yaron da ke zaune a baya ba ya ganin rubutun allo, ba ya ma ganin layin littafinsa sosai, kuma idan hadari ya haɗu ko hazon hunturu ya sauko, ajin yana komawa kamar bayan magariba. Allon bango shi ma an shafe shi da fenti mai sheƙi, alli yana zamewa a kansa, ɗan hasken da ke shigowa ta ƙofa kuma yana ƙyalli a jikinsa ya rufe rubutun. Malamai sun koma shafa masa baƙin tsohon batir kamar yadda ake yi tun zamanin da muke yara. Iyaye da yawa sun shaida mana cewa 'ya'yansu suna dawowa gida da ciwon kai da jan ido, kuma akwai yaran da aka yi ta yi wa faɗa a kan sun kwafi aiki ba daidai ba, alhali ba ganin allon suke yi ba. Garin gyaran gira an kusa rasa ido, kuma idon na 'ya'yanmu ne.

Ranka ya daɗe ya fi mu sanin yadda bazara take a ƙasar nan, lokacin da zafi kan haura digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu. Magina na da sun san maganin wannan, shi ya sa soron tubali mai kauri da rufin azara yake da sanyi ko da tsakar rana. Ba mu ce a mayar da makaranta ginin ƙasa ba, amma ginin bulo mai rufin kwano ba shi da wata kariya daga zafi sai silin mai kyau da tagogi masu fuskantar juna don iska ta ratsa. An toshe tagogin, silin ɗin kuma ga abin da ya zama. Aji ɗaya yana ɗauke da yaran da suka isa a raba gida biyu ko uku. Muna tambaya cikin ladabi, wane ne a cikin waɗanda suka sa hannu a takardar aikin nan zai yarda ɗansa ya wuni a irin wannan ɗaki?

Akwai kuma abin da ya tsallako katangar makaranta ya shigo gidajenmu. An yi fentin ne ana tsakiyar karatu, ba a jira hutu ba, an sirka shi da fetur da kananzir, har wasu yara suka yi ta amai da jiri, masu asma kuma aka riƙe su a gida. Tsohon fentin da aka kankare a bushe, ba tare da an jiƙa bango ba, an share shi an zubar a lungun bayan makaranta inda ƙananan yara suke wasan ƙasa, tare da ɓaraguzan da suka toshe kwatar da gidajen layin suke amfani da ita. Bokitan fentin da aka gama da su kuwa an rabar, yanzu suna cikin gidaje ana tara ruwan sha a ciki. Masana lafiya sun daɗe suna gargaɗi cewa fentin mai, musamman mai launin rawaya da ja da kore, akan haɗa shi da dalma. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jikin mutum da za a ce ba ya cutarwa, kuma cikin ƙaramin yaro yana tsotse ninki 4 zuwa 5 na abin da cikin babba zai tsotsa, ta taɓa ƙwaƙwalwa taɓin da ba ya warkewa. Shi ya sa Majalisar Ɗinkin Duniya take ba ƙasashe shawarar kada dalmar da ke cikin fenti ta wuce kashi 90 cikin miliyan. Mutanen Arewa ba sa buƙatar a yi musu dogon bayani a kan wannan guba, domin ba mu manta da 2010 ba, shekarar da gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a jihar Zamfara. Gaskiya ne ta can daga niƙan dutsen zinariya a cikin gidaje ta fito, amma hanyar shigarta jiki ɗaya ce, wato ƙura a hannun yaro, hannu kuma a baki. Bokitan da aka yi aikin nan da su wasu ko sunan kamfani babu a jikinsu, balle tambarin hukumar kula da ingancin kaya ta SON.

Ba yau muka fara magana ba. Tun ana cikin aikin dattawa suka yi wa masu fentin magana, suka ce su abin da aka ba su shi suke shafawa. An je wurin shugaban makaranta, bawan Allah ya ce shi ma da safe ya zo ya tarar da ma'aikata, ba wanda ya nuna masa takarda. An je ofis, an rubuta, an sake komawa, an ce mai sa hannu ya yi tafiya, an ce a dawo wani mako, an ce za a turo injiniya. Kwamitin al'umma mai kula da makaranta, wanda aka fi sani da SBMC, wanda gwamnati da kanta ta ce a kafa don irin wannan rana, ba a kira shi zama ba ko sau ɗaya. Allon da aka kafa a bakin ƙofa ba ya ɗauke da adadin kuɗi ko jerin ayyukan da aka bayar. Bayan faɗuwar silin ɗin ma, har zuwa rubuta wannan takarda, ba wanda ya zo daga ɓangaren ɗan kwangilar ya duba yarinyar nan ko ya ce wa mahaifinta sannu. Mahaifin nata, wanda ɗan garuwa ne, shi ya biya kuɗin magani.

Mun san cewa tun dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ake ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya domin ilimin matakin farko, jihohi kuma su kawo nasu kason kafin su karɓa. Ko daga wannan jaka kuɗin aikin nan ya fito ko daga wata, dukiyar jama'a ce, ba kyauta wani ya yi mana daga aljihunsa ba da za a ce mu karɓa mu yi shiru. Mun yi murna da aka ce za a gyara makarantar, mun yi addu'a, matasanmu har gadin kayan aiki suka yi kyauta. Abin da ke ci mana rai shi ne yanzu takarda za ta nuna cewa an gyara wannan makaranta, don haka sai an yi shekaru kafin layi ya sake zuwa kanta.

Saboda haka, ranka ya daɗe, muna roƙon ka taimaka ka tako da kanka, ko ka turo wakili, a shiga cikin ajujuwan da rana tsaka, kada a tsaya a bakin titi. Muna roƙon ka isar da kukanmu ga shugaban ƙaramar hukuma da sakataren ilimi, in ta kama har gaban Mai Martaba, domin a dakatar da biyan ragowar kuɗin kwangilar, kada kuma a sa hannu a takardar kammala aiki, har sai injiniyan da ba shi da alaƙa da ɗan kwangilar ya hau ya duba rufin kowane aji a gaban wakilan iyaye. A cire silin ɗin gaba ɗaya, a sauya katakon da gara ta ci da kwanon da ke yoyo. A buɗe tagogin da aka toshe a sa musu ƙyaure da ƙarfe. A sake fentin cikin ajujuwa da farin fentin ruwa ko ruwan madara, in ana tsoron datti a bar mai ɗan duhu daga ƙasa zuwa ƙugu kawai, silin kuma ya zama fari, allo a yi masa fentinsa marar sheƙi. A yi wannan a lokacin hutu, a bar ɗakunan su sha iska kafin yara su dawo.

Muna kuma roƙon a ɗebi samfurin sabon fentin da tsohon da aka kankare a kai a auna, a faɗa mana sakamako, a kwashe tarkacen da ke lungu a yashe kwatar, sannan a ba Mai Unguwa da limamai umarnin su sanar da jama'a su daina zuba ruwan sha a bokitan nan. A mayar wa iyayen yaran da suka ji rauni kuɗin da suka kashe. A nuna wa kwamitin makaranta takardar kwangilar, domin mu san abin da aka biya da abin da aka yi. Muna sake roƙo, Allah ya ba ka nasara, a fara da rufin, domin shi ne ba ya jira.

Matasanmu sun so su tare hanya, dattawa suka hana su, suka ce muna da uba. Amma muna sanar da kai cikin girmamawa cewa mun yanke shawarar yaranmu ba za su koma ƙarƙashin wannan silin ba sai an duba shi. Malamai sun amince su riƙa koyar da su a inuwar darbejiyar harabar makaranta, mu kuma za mu kawo tabarmi, kuma wannan ba zai yiwu ba duk ranar da aka tashi da ruwa ko iska.

Sunaye da sa hannun iyaye da dattawa, da dangwalen yatsan waɗanda ba sa rubutu, suna cikin takardun da ke haɗe da wannan, tare da hotunan ajin da kafintocinmu suka ɗauka da guntun katakon da ya faɗo, wanda Mai Unguwa zai miƙa maka hannu da hannu.

Allah ya ja zamaninka, ya taya ka riƙo.

Mu ne talakawanka masu biyayya,
Iyayen yara, dattawa da mazauna unguwa.