Ga masu Linux: gyara PATH a .bashrc bai wadatar ba

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ni mai gyaran kwamfuta ne a Garwa. Tsofaffin kwamfutocin da ake kawo mana daga Duwala, Linux muke ɗora wa yawancinsu. Ka ba ni fili in amsa tambayar da ɗalibai suka ishe ni da ita a shago.

Yaro zai ajiye shirinsa a cikin ~/bin (folda mai suna bin a cikin babbar foldar asusunsa), ya ƙara wurin a PATH cikin fayil ɗin .bashrc. A taminal, wato tagar da ake rubuta umarni, shirin ya tashi lafiya lau, amma da ya danna shi daga menu sai shiru. Nan take ya ce injin ya lalace.

Injin lafiyarsa ƙalau. PATH jerin wurare ne da ake bi ɗaya bayan ɗaya ana neman umarni, kuma kowane shiri yana gadonsa ne daga wanda ya tashe shi. Shi .bashrc sai ka buɗe taminal ake karanta shi, alhali tebur ɗin, wato desktop mai ɗauke da menu, ya riga ya tashi tun lokacin da ka sa kalmar sirri.

A Debian (wani nau'in Linux) mai X11, tsohon tsarin nuna tagogi a allo, a rubuta layin da aka sa a .bashrc ɗin a ~/.xsessionrc. Mai tebur ɗin GNOME a kan Wayland, sabon tsarin nuna tagogi, kuwa ya buɗe fayil mai ƙarewa da .conf a ~/.config/environment.d, ya rubuta PATH=$HOME/bin:$PATH, ba tare da kalmar export da ake sawa a farkon layin a .bashrc ba. Ni wannan na fi so, don ba ruwansa da irin taminal ɗinka.

Rufe taminal kaɗai ba ya komai. Sai an fita daga asusun gaba ɗaya an sake shiga.

Naka,
Mai gyaran kwamfuta, Garwa, Kamaru